Idan Man Giya Ya Rine: Juyen Kasko, Cikakken Juye, Ko Sauke Giyabos?

Duk mai motar otomatik da ya taɓa zaro gejin man giya ya tarar jan da ya sani ya koma ruwan ƙasa ko ya doshi baƙi, ya san faɗuwar gaban da ke biyo baya, ya kuma san cewa shawarwarin da zai ji daga nan ba za su zo ɗaya ba. Wani bakanike zai ce a kwance kaskon ƙasan giya a tsiyaye abin da ya fito a zuba sabo. Wani zai ce a haɗa motar da na'ura a fitar da tsohon man gaba ɗaya. Wani zai rantse cewa duk wanda ya taɓa man giyar da ya riga ya yi baƙi, to da hannunsa ya kashe giyar. Na huɗu kuwa zai ce babu abin da ya rage illa a sauke giyabos a buɗe. Kowannensu akwai halin da maganarsa take daidai, akwai kuma halin da bin ta asara ce tsagwaronta, kuma abin da ke raba tsakani shi ne a haɗa launin man da warinsa, da abin da ke yawo a cikinsa, da yadda motar take tafiya, kafin a yanke hukunci.

Dalilin da ya sa lamarin yake da nauyi shi ne man giyar otomatik ya fi baƙin man inji yawan aiki. Yana sanya santsi tsakanin ƙarafa, yana kwashe zafi, shi ne yake ɗaukar ƙarfin inji a cikin kwanbata, wato rufaffen tulun ƙarfe mai cike da mai da ke tsakanin inji da giya, ya miƙa wa giya, kuma matsinsa ne yake danne faifan kuloci, waɗanda makanikai ke kira faiba, duk lokacin da mota za ta sauya giya. Faiban nan a jiƙe suke cikin man dare da rana, kuma an haɗa man da sinadarai ta yadda zai bar su su kama juna a hankali ba tare da zamewa ko fizga ba. Saboda haka man da ya gaji yana iya jawo matsalar da za a ɗauka ta ƙarfe ce, ƙarfen da ya lalace kuma yana iya ɓata man da aka zuba jiya.

Jan da aka saba gani rini ne kawai da ake sanyawa domin a bambanta man giya da sauran mayukan mota, musamman idan an ga ɗigo a ƙasa. Haka Dexron na General Motors yake tun fitowarsa a 1967, haka Mercon na Ford da ya zo a 1987, haka ATF+4 na Chrysler da WS na Toyota. Sai dai Chrysler da kansa ya sanar da makanikansa cewa rinin ATF+4 ba ya ɗorewa, kuma dusashewarsa ba hujja ba ce ta lalacewar man. Bayan haka akwai mayukan da tun daga galan ba ja ba ne: Lifeguard 6 na kamfanin ZF mai ƙera giyoyin mota ruwan zuma ne, Lifeguard 8 yana da ɗan kore, NS-2 na giyar CVT ta Nissan, wato otomatik ɗin da ba ta da matakan giya, kore ne, wasu motocin Mercedes masu giya bakwai kuma shuɗin mai suke sha. Wanda bai san launin man motarsa na asali ba zai iya firgita a banza, ko kuma, abin da ya fi muni, ya ƙara jan mai a giyar da ba ta karɓarsa.

Kafin a kwatanta hanyoyin, dole a duba man yadda ya kamata. A yawancin motoci masu geji, ana tuƙa mota har ta yi zafi, a tsaya a wuri mai daidaito, a bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya ƙafa tana kan burki, a mayar P, wato giyar fakin, a zaro gejin inji yana aiki. Motocin Honda da yawa sun saɓa wa wannan, domin su ana kashe inji ne a duba cikin kimanin minti ɗaya. Motocin zamani da dama ba su da gejin ma sam, sai an ɗaga su an kwance notin awo yayin da zafin man yake cikin iyakar da kamfani ya faɗa, wadda galibi takan faɗo tsakanin digiri 30 zuwa 50 a ma'aunin Selshiyos. Kallon man a jikin ƙarfen geji yana yaudarar ido. Abin da ya fi shi ne a ɗiga shi a kan farar takarda mai tsotsa, a ɗiga sabo irinsa a gefe, a jira rabin minti. Mai lafiya yana bazuwa ya yi faɗi, ana hango farin takardar ta cikinsa, wanda ya ƙone kuwa yana tsayawa wuri ɗaya ya bar duhu a tsakiya. Daga nan sai a shinshina, a kuma murza tsakanin yatsu a ji ko akwai tsakuwa-tsakuwa.

Man da ya koma ruwan ƙasa mai haske, ba ya ƙauri, babu gari a cikinsa, kuma mota tana sauya giya lafiya, mai ne da ya tsufa kawai. Zafi ne yake tsufar da shi. Giya ta fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 80 zuwa 95, kuma ƙiyasin da masu sana'ar suka daɗe suna aiki da shi shi ne kowane ƙarin kimanin digiri 10 sama da haka yana cinye rabin kwanan man. Wannan ne ya sa motar da ke jan kaya, ko hawan tudu, ko wuni cikin cunkoso take rina man giyarta da wuri. A wannan hali zaɓi biyu ne a gaban mai mota, juyen kasko ko cikakken juye, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a auna.

Juyen kasko shi ne a kwance kaskon da ke ƙasan giya, a tsiyaye man da ke ciki, a sauya filta da gasket, a wanke kaskon da mayen ƙarfen da ke manne a cikinsa, a mayar a zuba sabo. Rauninsa a fili yake: kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi kawai yake fitarwa, domin sauran man yana maƙale a kwanbata, da gidan bawul, wato inda ake rarraba matsin mai zuwa faiba, da tiyo, da na'urar sanyaya mai. Idan giya tana ɗaukar lita 10 kasko kuma ya ba da 4, bayan juyen farko kashi 60 cikin ɗari na man da ke ciki tsoho ne. Idan aka tuƙa motar na ɗan lokaci aka sake, sai ya sauko 36, a karo na uku kuma ya koma kusan 22. Ke nan da lita 12 da zuwa uku ake kaiwa inda na'ura take wucewa a zama ɗaya. Amma fa'idarsa ta fi rauninsa girma a idona, domin juyen kasko bincike ne kafin ya zama gyara. Kasko shi ne inda duk abin da giya ta zubar yake kwanciya, kuma babu na'urar kwamfuta da za ta faɗa wa mutum abin da idonsa zai gani a can. Laushin gari ruwan toka a jikin mayen ƙarfe, mai kama da tabo idan an shafa, al'ada ce ta kowace giyar da ta yi tafiya. Gutsattsarin ƙarfe masu kaifi da ake ji a yatsa suna nuna haƙoran giya ko boris sun fara ci. Ƙyalli ruwan zinariya tagulla ce daga bushin ko wosha, farin ƙyallin da mayen ƙarfe ba ya ɗauka alminiyom ne, sau da yawa daga kwanbata ko famfo. Baƙaƙen ɓawo masu yawa kamar garin gawayi kuwa faiba ne suka zube. Wanda ya ga waɗannan ya riga ya san cewa sabon mai ba zai wadatar ba, tun kafin ya kashe kuɗin galan na biyu.

Akwai giyoyin da ba su da kaskon da ake kwancewa ta ƙasa, kamar na Honda da yawa, inda noti ɗaya mai mayen ƙarfe a kansa ake kwancewa, filtar kuma tana can ciki sai an farke giyabos. A irinsu abin da ke jikin notin da kuma man da aka tara a mazubi mai tsabta su ne shaidar. A giyoyin ZF masu giya shida da masu giya takwas, galibi filtar a haɗe take da kaskon roba, don haka gaba ɗaya ake sauyawa.

Cikakken juye da na'ura iri biyu ne, kuma rashin bambanta su shi ne tushen yawancin gardamar da ake yi. Iri na farko ana cire tiyon da ke kai mai wurin sanyaya ne a haɗa da na'ura, a tayar da inji, famfon giyar da kansa ya riƙa tura tsohon man waje yayin da na'ura take mayar da sabo daidai gwargwado. Babu matsin da ya wuce wanda giyar ta saba da shi, kuma mafi yawan tsohon man yana fita a zama ɗaya, ko da yake ana cin man da ya fi abin da giyar ke ɗauka, saboda sabo da tsoho suna cakuɗuwa a hanya. Iri na biyu shi ne wanda ake fara zuba sinadarin wanki, ko ake tura mai da matsin na'ura. Wannan yana iya ɓamɓaro dattin da ya shekara a kwance ya kai shi cikin siraran hanyoyin gidan bawul da solenoyid, wato bawul mai aiki da lantarki, inda ɗan ƙwayar da ido da kyar yake gani ya isa ya maƙale bawul. Honda ta daɗe tana hana amfani da na'urorin wanke giya a motocinta, tana umartar a tsiyaye a zuba, a tuƙa, a maimaita. Babban aibin cikakken juye, ko da na iri mai kyau ne, shi ne sau da yawa ana yin sa ba tare da an taɓa kasko ba, sai a bar tsohuwar filta a ciki, a kuma rufe ido daga shaidar da ke kwance a ƙasa.

Idan aka ɗora su a sikeli, cikakken juye na iri na farko ya dace da giyar da ake kula da ita a kan lokaci, manta bai wuce ruwan ƙasa ba, kuma an fara kwance kasko an ga babu abin tsoro. Juyen kasko, sau biyu ko uku da tazarar 'yan ɗaruruwan kilomitoci, ya fi dacewa da motar da aka saya ba a san tarihinta ba, ko wadda ta yi doguwar tafiya da man da ta fito da shi daga kamfani. Kalmar nan da wasu kamfanoni ke rubutawa cewa man na tsawon rayuwar mota ne ta jawo wa mutane da yawa sakaci, alhali ZF, wanda yake ƙera giyoyin motoci irin su BMW da Jaguar, ya ba da shawarar juye tsakanin kilomita 80,000 zuwa 120,000 ko bayan shekara 8 ga giyoyinsa masu shida, gwargwadon wahalar da motar take sha.

Akwai alamar da sabon mai yake warkarwa sau da yawa, kuma ya kamata a san ta domin kada a sauke giyabos a banza. Ita ce karkarwar da ake ji a jikin mota tsakanin kilomita 60 zuwa 80 a awa idan an ɗan taɓa totur, kamar ana bi ta kan hanya mai ƙananan kunyoyi. Kulocin da ke cikin kwanbata ne yake kamawa yana saki saboda sinadaran man sun ƙare. Idan an yi juye da wuri da man da kamfani ya ƙayyade, karkarwar takan tafi. Idan aka bar ta ta daɗe har kwamfuta ta ajiye lambar matsala P0741, wadda ke nuna kulocin kwanbata ba ya kamawa yadda ya kamata, ana iya samun faiban kwanbatar ya riga ya cinye.

Sai maganar masu cewa kada a taɓa. Wannan magana tana da asali, sai dai an faɗaɗa ta fiye da inda take aiki. Idan man ya yi baƙi ƙirin, yana ƙauri, yana da gari, kuma mota ta riga ta fara nuna alamu, wato a sa D, giyar tafiya gaba, ko ribas a jira daƙiƙa biyu ko uku kafin ta shiga, ko inji ya yi kuka sama tsakanin giya da giya ba tare da gudu ya ƙaru ba, to faiban sun riga sun ƙare. Tsohon man da ya yi kauri, cike da garin faiban, shi ne yake ɗan taimaka musu su kama, yana kuma toshe inda robobin sil suka taurare. Ranar da aka zuba sabo mai tsabta, zamewar sai ta fito fili, mai mota ya tafi yana cewa juye ne ya kashe masa giya, alhali ciwon ya daɗe a ciki. Barin man a wannan hali sayen lokaci ne kawai, kuma yana da amfani ga wanda yake buƙatar 'yan makonni ya shirya wa gyara, da sharaɗin ya daina ɗora wa motar kaya da gudu. Amma kowace rana da aka ƙara, garin yana zagayawa cikin famfo da gidan bawul da kwanbata, gyaran da zai tsaya a faiba da sil sai ya haɗa da ƙarafa. Inda na fi jin takaici shi ne a ɗauki wannan shawara a ɗora wa motar da manta ya yi duhu kawai amma tana tafiya lafiya, a hana ta juyen da zai cece ta, har ta kai halin da ake gudu.

Launi ɗaya ne ba ya karɓar jinkiri ko gardama: ruwan hoda mai kauri kamar an zuba madara. Ruwa ne ya shiga. A motoci da yawa na'urar sanyaya man giya tana cikin tankin lagireto, bango siriri ne ya raba su. Idan bangon ya tsage, yayin da inji ke aiki man giya yana kutsawa cikin ruwan lagireto, idan aka kashe inji kuma matsin giya ya faɗi nan take alhali lagireto yana riƙe da nasa, sai ruwan ya kwararo cikin giya. Shi ya sa ake buɗe murfin lagireto, bayan ya huce, a duba ko akwai mai a saman ruwan. Wannan matsala ta shahara a motocin Nissan Pathfinder da Xterra da Frontier na 2005 zuwa 2010, har kamfanin ya tsawaita garantin lagiretonsu. Ruwa yana kuma shiga ta hancin shaƙar iskar giya idan mota ta ratsa ambaliya mai zurfi. Illarsa ita ce yana narkar da gam ɗin da ya manne faiba a jikin faifan ƙarfe, yana kumbura su, yana sa tsatsa a gidan bawul. A nan juyen kasko sau ɗaya ba shi da wani tasiri. Idan an gano abin a ranar da ya faru, ba a yi tafiya da shi ba, ana iya sauya lagireto a yi cikakken juye fiye da sau ɗaya a sa ido, kuma wannan ne halin da na'ura ta fi kasko nesa ba kusa ba. Idan an yi kwanaki ana tuƙi da shi, gara mutum ya shirya wa buɗe giyabos ko da motar tana tafiya a yau, domin ɓawon faiban yakan biyo baya. Motar da aka ga haka a cikinta jan ta ake yi zuwa gareji, ba a tuƙa ta.

Kumfa a jikin geji ba ta buƙatar dogon bayani. Ko man ya yi yawa ƙarafa masu juyawa suna kaɗa shi, ko ya yi kaɗan famfo yana zuƙar iska. A daidaita awo, a nemo inda yake yoyo idan ragi ne, a sake dubawa. Haka kuma kafin a zargi ƙarfe, a karanta kwamfutar giya, domin lambar P0700 sanarwa ce kawai cewa akwai wata lamba a ajiye a can, kuma solenoyid ɗaya ko na'urar auna gudu da ta mutu tana iya kulle mota a giya ɗaya alhali man jawur yake, faiba kuma lafiya lau.

Idan ta tabbata sai an sauke, zaɓin ya koma tsakanin gyara wadda ke jikin motar da ɗora wata da aka ciro daga wata mota. Gyara yana ba mutum sababbin faiba da sil da filta, kuma ya san abin da ke ciki, amma ingancinsa yana hannun wanda ya yi aikin, domin giyar otomatik ba ta yafe ƙura ko kuskuren awon tazarar faiba. Ya fi dacewa idan ɓarnar ta tsaya a faiba, kaskon kuma bai nuna gutsattsarin ƙarfe ba. Wadda aka ciro daga wata mota ta fi saurin ɗorawa, kuma ta fi ma'ana idan ƙarafan ciki sun farfashe ko gangar jikin ta tsage, sai dai tarihinta a rufe yake. Wanda zai saye ta ya yi mata binciken da ya yi wa tasa: a kwance kaskonta a gabansa, ya duba mayen ƙarfen, ya shinshina ragowar man, ya tabbatar lambar da ke jikinta ta yi daidai da ta motarsa, domin giyoyi biyu masu kama ɗaya a ido suna iya bambanta a lissafin haƙora ko a wayoyi, wasu kuma sai an daidaita su da kwamfutar mota kafin su yi aiki.

Ko wanne aka zaɓa cikin biyun, kwanbatar da ta sha garin ƙarfe ko ruwa ba a mayar da ita yadda take, domin a rufe take da walda, ba ta wankuwa ta baki, sai dai a sauya ta ko a kai inda ake yanka ta a gyara. Tiyo da na'urar sanyaya mai ma dole a wanke su sosai ko a sauya, in ba haka ba dattin tsohuwar giya da ya maƙale a cikinsu zai koma cikin sabuwar a tafiyar farko. Sannan a zuba ainihin man da littafin motar ya ambata, a auna shi a zafin da aka ƙayyade, a ɗiga kaɗan a farar takarda a rubuta kwanan wata da kilomita a ajiye, bayan tafiyar kilomita 1,000 a sake ɗiga wani a gefensa a kwatanta.